Haƙorin Makka a Hanyar Zurmi

Da asuba muka tashi daga gida, ni da abokin sana'ata, amma ba da asuba muka bar Kaura Namoda ba. Wanda ya san hanyar Shinkafi a 'yan shekarun nan ya san dalili. Ana zuwa tasha da duhu-duhu ne don a kama kujera, sannan a zauna jiran rana ta ɗaga, a jira motar farko ta iso daga can, direbanta ya sauko ya ce hanya lafiya. Kafin wannan kalma ta fito daga bakinsa, ko mota ta cika har rufi, babu mai tayar da inji.

Ga waɗanda ba su san ni ba, fata nake saye: ta rago, ta akuya, da ƙirgin sa. Da keke na fara, ina bin mahauta ɗaya bayan ɗaya, yau kuma alhamdu lillahi ina da sito da masu tara mini a garuruwa. Babbar Sallah ita ce kakarmu. Fatar da aka feɗe da safe, in ba ta ga gishiri ba kafin zafin nan ya dafa ta, ta zama asara. Don haka dole kafin Sallah in kai wa mutanena na Shinkafi gishiri. Wannan shi ne uzurin farko. Na biyu ya fi shi nauyi. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana Zurmi. Ta je zaman jegon jikarta, arba'in ta wuce, ta miƙe ƙafa ta yi zamanta. Sai ga saƙo cewa ƙafafun nata sun fara kumbura, likitan da ke duba ta kuma yana Kaura, ta kuma rantse ba za ta shiga motar kowa ba sai na zo da kaina. In ban ɗauko ta kafin ranar Sallah ba, direbobi za su ajiye motoci su tafi cin nama, sai kuma yadda hali ya yi.

Ina da mota. Na bar ta a gida na lulluɓe. A wannan hanya, shiga motar kanka daidai yake da ɗaukar maroƙi ya riƙa shelar sunanka a gaba. Na sa tsohuwar rigar da nake shiga sito da ita, wadda gishiri ya ci wuyanta, da silifa, da ƙaramar waya mai maɓalli. Abu ɗaya ne ya gagare ni ajiyewa a gida. Shekarar da Allah ya buɗa mini, na biya mana kujerar Hajji ni da Inna, kuma rana ɗaya, a shago ɗaya, aka sa mana haƙorin Makka. A lokacin ado ne. Yanzu tambari ne, irin wanda ake yi wa sa don a gane na wane garke ne. Abokaina da yawa sun cire nasu, ni na tsaya jan ƙafa saboda Inna. Sai na nemi takunkumin nan na asibiti na rufe baki, ina ɗan tari jefi-jefi. Tsakanin tarin da warin fata, sai da na samu sararin zama da ban taɓa samu a motar haya ba.

Kuɗin mota ya ninka, na buhunan gishiri kuma ɗan kamasho ya yanka shi kamar yana fushi da ni. Na yi ciniki kaɗan na bari, don mai tsumma ba ya biya da sauri, kuma ba ya ciniki da ƙwarewa. Tashar cike take da masu komawa gida Sallah: 'yan makarantar kimiyya da jakunkunansu, leburori daga Kudu, mata da 'ya'ya. Da can tafiyar Sallah da hayaniya ake yin ta, kowa na nuna abin da ya sayo. Yanzu shadda sabuwa a cikin buhun taki take tafiya, takalmi a cikin bokiti, an rufe da tsumma. Babu mai tambayar wani ina za shi. Babu Alhaji a tasha, babu Hajiya, kowa Malam ne ko bawan Allah. Kowa ya san akwai masu zama a tasha ba don tafiya ba, aikinsu kallo da saurare, sai mota ta tashi su buga waya daji su ce ga wanda ke ciki.

Da hantsi motar farko ta iso, muka kama hanya. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro a gonakin bakin gari, kore shar. Amma kana yin nisa sai ka ga noman yana ja da baya, har ka iso inda gonaki suka koma ciyawa, da ƙauyukan da babu hayaƙi a kansu. A irin wuraren nan kwandasta yake cewa kowa ya kashe waya, hira ta mutu, idon kowa ya koma gaba. Ba ramuka ake kallo ba, duk da suna nan birjik. Motar da ke tahowa ake nema. Muddin kuna gamuwa da motoci, direba na ɗaga wa direba hannu, to gaba lafiya. In titi ya yi tsit, nan ne baki ke bushewa. A Moriki muka tsaya aka sauke wasu, mata suka yo kanmu da hoce da gyaɗa. Na sayi hoce na sa aljihu, don ba ni da halin ci a gaban mutane.

Ranar Alhamis ce, kasuwar Shinkafi na ci. Raguna sun yi tsada har mai saye yana taɓa ƙahon rago ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Na ga mutane suna haɗa kai su sayi sa ɗaya, na lissafa a raina cewa bana ƙirgi zai fi fatar rago yawa, na faɗa wa mutanena su shirya. Masu wasa wuƙa suna ta aiki, masu gawayi da masu barkono ma kasuwarsu ta buɗe. Sai dai kasuwar da a da take kaiwa magariba, azahar na yi ta fara watsewa, kowa na son ya isa gida da rana a sama. Na ci waina da miyar taushe a wata rumfa, fuskata na kallon bango kamar yaron da aka yi wa horo. Mai wainar ta ce, "Malam, tarin nan a nemi magani." Na gyaɗa kai. A Shinkafi na bar abokin tafiyata wurin gishirin, washegari na bi motar Juma'a, na sauya wata a mararraba, na shiga Zurmi lafiya.

Na tarar da Inna ta haɗa kaya kamar mai ƙaura: daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, kaji biyu da aka ɗaure wa ƙafa, har da wani ƙaramin turmi da ta ce irinsa babu a Kaura. Ƙafafun kuwa sun kumbura fiye da yadda aka faɗa mini, takalmi ba ya shiga. Bayan la'asar na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla. Gobe a mota ba ta san ni da wani Alhaji ba. Ba maganar sito, ba maganar Makka. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta yi tasbihinta har mu isa. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To." Na san wannan to ɗin tun ina yaro. Shi take ce wa mahaifina in ta riga ta yanke abin da za ta yi.

Asabar ita ce ranar Arfa, jajibirin Sallah, kusan kowa da azumi a baki. Tashar Zurmi ba masaka tsinke. Hantsi ya yi, motar farko ba ta zo daga Kaura ba. Rana ta take, shiru. Wani ya ce an tare hanya jiya da yamma, wani ya ce ƙarya ne, taya ce ta fashe wa wata mota mutane suka watse da gudu. Direbobi sun taru ƙarƙashin bishiya suna magana ƙasa-ƙasa. Sai gab da azahar wata a-kori-kura ta shigo, direbanta ya ce ya wuce bai ga komai ba, amma shi kaɗai ne a titi. Wannan ba labari ne mai daɗi ba, ba kuma mummuna ba ne. Wasu direbobi suka ce sun fasa. Wani dattijo mai tsohuwar bas ya ce shi zai je, iyalinsa na Kaura, wanda ya yarda ya shiga. Kafin ya rufe baki an cika ta. Da kafaɗa na samar wa Inna wuri, turmin da kajin aka ɗaure a sama.

Ni da Inna muna layi na uku. A gabanmu, jikin taga, akwai wani mutum da zai kai shekara arba'in, siriri, idanunsa jajur. Ya rungume wani buhu a cinya, abin da ke ciki mai nauyi ne kuma ƙarfe ne, don na ji ƙararsa da ya bugi kujera. Kwandasta ya ce a kawo a ɗaure a sama, ya ƙi. Waya na hannunsa, yana duba ta kamar mai jiran sakamakon asibiti. Tun a tasha na sa masa ido, na kuma lura ba ni kaɗai ba ne.

Mun wuce shingen ƙarshe na bakin gari ke nan, wata mata da ke gefen Inna ta gyara mata ƙafa a kan ƙullin kayanta. Inna ta ji daɗi, ta saki mayafi ta yi mata murmushi da dukan bakinta. Matar ta ce, "Ikon Allah, Hajiya, ashe an je?"

Na taka ƙafar Inna a hankali. Ta janye ƙafarta.

"Awo, ɗiyata, an je. Wanga ɗa nawa yak kai ni. Alhaji, cire ƙyallen ga ka gaida mutane, mi kaka ɓoyo? Kada ku dubi tsummansa, sito garai Kaura, mota garai. Allah dai shi yi mai albarka."

Wallahi ba da mugunta ta yi ba. Duk wanda ya tashi da tsofaffinmu ya san ba sa iya karɓar alheri su yi shiru, sai sun yaba wanda ya yi musu a gaban jama'a, a ganinsu rashin yin haka butulci ne. Amma motar ta yi tsit kamar an ɗauke wuta. Babu wanda ya waiwayo ya dube ni, kuma wannan ya fi a dube ni muni. Matar da ta yi tambayar ta sunkuyar da kai tana salati. Yanzu ba ni kaɗai ke cikin haɗari ba. In labari ya fita cewa bas ɗin nan na ɗauke da mai sito, duk wanda ke ciki ya shiga uku tare da ni.

Direba ya dubi madubi ya ce wa kwandasta, "Kashewa ba ta isa ba yau. Tattara su." Kwandasta ya cire hularsa ya bi layi-layi, kowa na jefa waya a ciki. Na jefa tawa da sauri. Da ya iso kan mai buhu, sai mutumin ya maƙale tasa a ƙirji ya ce, "Ni ba zan bayar ba."

Nan mota ta kaure. Direba ya gangara gefen titi kusa da wasu 'yan gidaje ya tsaya, bai kashe inji ba. Wani mahauci mai ƙaton wuya da ke baya ya miƙe har kansa na bugun rufi, ya ce a sauke shi nan take, a kuma buɗe buhun a gani. Wasu suka ce a sauke shi ba tare da wayar ba. Wani ya ce in an sauke shi ai zai ari ta wani ya buga. Mutumin kuwa sai ƙara rungume buhu yake. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma a raina sauke shi nake so a yi.

Sai Inna ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa.

"Kai, dube ni nan. Ɗan wane gida na kai?"

Ya waiwayo. Ya faɗi unguwarsu a Zurmi, murya can ƙasa.

"Unguwar tana da faɗi. Wane gida?"

"Gidan marina, bayan masallaci."

"Marina na ƙofar gabas ko na bakin rijiya?"

"Na bakin rijiya."

"To wacce ta uwakka cikinsu? Doguwar mai saƙar faifai, ko gajerar da anka ɗauko daga Dauran?"

Mutumin ya buɗe baki yana kallonta. Ya ce gajerar ce.

"Kayya! Ashe kai jikan mai daddawa na. Da ni anka yi rakiyar uwakka ranar da anka kawo ta, ruwa ya dake mu a hanya, lallenta duk ya zube. Ku biyu ta haifa maza, babban tela, ƙaramin mai kiwon tantabaru. Wane na kai?"

"Telan."

"Tela, jajibirin Sallah, cikin mota? Wa ka bar wa ɗinkin mutane?"

A nan ne mutumin ya karye. Ya kwance bakin buhun da kansa. Kan keken ɗinki ne, baƙi, ya sha hannu har zanen jikinsa ya goge. Ya ce ƙaninsa, mai tantabarun, yana hannun mutanen daji, a gona suka ɗauke shi lokacin shuka. An sayar da abin da za a sayar, bai isa ba, shi ne zai kai keken Kaura. Wayar kuma ita suke kira. Ba su da lokaci, in sun ga dama da safe, in sun ga dama da rana. Ranar da suka kira ba a ɗauka ba, da suka sake kira kukan ƙanin nasa suka fara jiyar da shi.

Mahaucin ya koma ya zauna a hankali. Mata suka shiga salati, wata na share ido. Ni kuwa tausayi ya zo mini, amma lissafi ya riga shi isowa. Ni ɗan kasuwa ne, na san haja in na gan ta. Ga mutum da ƙaninsa a hannunsu, ga wayar da ke kai wa gare su kai tsaye a tafinsa, ga kuma mai sito zaune a bayansa, an gama yi masa bayanina kyauta. Da ɗan leƙen asirinsu ne da ya fi mini sauƙi, don shi kuɗi kawai yake nema. Wannan jininsa yake nema.

Direba ya ce rana na tafiya, shi ba zai kai la'asar a wannan titi ba, a yanke shawara: ko gaba, ko a koma Zurmi. Na dubi ƙafafun Inna. Komawa na nufin sai bayan Sallah da kwanaki. Kafin in yi magana ta riga ni. Ta ce wa wanda ke kusa da telan ya taso su yi musanya. Da ƙyar aka ɗaga ta, ta zauna gefensa, ta kama wuyan hannunsa mai riƙe da wayar ta ɗora a cinyarta.

"Ba mai sauke ɗan mutane cikin daji. Na san uwatai, na san kakatai, kowa nan ya ji gidansu. Direba, mu tahi."

Direba ya ce sharaɗi ɗaya: in ta yi ƙara, a buɗe murya kowa ya ji. Telan ya gyaɗa kai.

Ban taɓa jin tsawon hanyar Zurmi zuwa Dauran kamar ranar ba. Titi fayau, babu mota, babu babur, ko mai jaki babu. Ciyawa ta fara tsawo a gefe, kowace inuwar bishiya sai ta yi kama da mutum a tsaye. Dattijon nan yana taka tsohuwar bas ɗinsa iya ƙarfinta, tana faɗawa rami tana fita, kajin Inna na kuka a sama. Ina ta kallon ƙeyar telan, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

A daidai wata kwana mai duhuwar itatuwa, inda direbobi ba sa ko taka birki, wayar ta yi ƙara.

Telan ya dubi Inna. Ba ta saki hannunsa ba, ta dai ɗaga shi sama zuwa bakinsa. Ya danna. Muryar ta saurayi ce, babu gaggawa a cikinta, kamar mai tambayar farashin tumatir. Ya ce yana jin ƙugin mota, ina za shi? Telan ya ce Kaura, zai sayar da keke, a ƙara masa haƙuri. Muryar ta ce haƙuri ya kusa ƙarewa. Sannan ta ce, "Motar haya ce? Su wa ke ciki? In akwai mai maiƙo ka faɗa mini, ƙanenka ya yi Sallah a gida gobe."

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Bai waiwayo ba. Babu mai numfashi a motar nan, har wani jariri da ke baya ya yi shiru kamar ya sani. Inna ba ta ko dube shi ba, babban yatsanta kawai nake gani yana shafa bayan hannunsa, yadda ake lallashin yaro mai zazzaɓi.

Ya ce, "Wane maiƙo? Talakawa ne irina, sai kaji, sai wata tsohuwa mai surutu."

Muryar ta yi dariya, ta ce ya yi sauri da kuɗin, ta katse.

Ya kifa kansa a kan keken ɗinkin, kafaɗunsa na girgiza, ba sauti. Muna hango rumfunan Dauran, sai ga wata babbar mota ta taho daga Kaura, mutane maƙil a bayanta, direbanta ya ɗaga mana hannu. Wani dattijo ya yi kabbara da ƙarfi. Kwandasta ya fara rabon wayoyi, har yana ba wani ta wani. A nan Inna ta saki hannun telan, ta gyara mayafi, ta ce, "To wai wace ta tsohuwa mai surutu?" Dariyar da ta tashi a motar nan ba ta daɗi ba ce zalla, wasu da hawaye suke yin ta, amma har telan sai da ya murmusa.

Mun shiga Kaura bayan la'asar. Gari ya cika ya batse, keke napep na rububi, raguna a kowace kwana, teloli sun fito da kekuna bakin titi suna ta fama, yara na wucewa da kitso sabo. Na ga telan ya tsaya yana kallon 'yan uwan sana'arsa, buhu a kafaɗa. Na san abin da zai tarar: wanda ya kawo kan keke kasuwa da yammacin jajibiri, da irin idanun nan, an gama karanta shi tun kafin ya yi sallama, rabin kuɗi ma sai an ga dama. Na sa Inna da turminta a keke napep, na ja shi gefe, na sauke takunkumin a karo na farko tun fitata daga gida. Na ce ni zan saya. Mun yi abin da muka yi, wannan tsakanina da shi ne. Na ce masa ni ba tela ba ne, ba ni da abin yi da keke, zai zauna a sito har ranar da zai zo ɗauka. Kada wani ya yaba mini. Mutumin nan ya riƙe bakinsa a lokacin da bakinsa ke da tsada. Ko don Allah ya yi, ko don duk muna ji, ko don Inna ta san ƙofar gidansu, ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Ɗan kasuwa ba ya tambayar dalilin wanda ya yi masa rangwame.

Mun sha ruwa a gida, Inna na ba jikoki labarin yadda turminta ya sha iska. Likita ya gan ta, ƙafafun sun fara saɓewa. Ranar Sallah da aka yanka ragonta, ta sa aka ware cinya guda, aka soya, ta ce a kai wa gajerar da aka ɗauko daga Dauran duk ranar da mota ta samu. Fatun bana sun zo, ƙirgi ya fi yawa kamar yadda na hango.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, wanda zai bi hanyoyinmu da Sallah ya ji: ka fita da wuri, ka dawo da rana a sama, kada ka bar tafiyarka sai jajibiri, kuma in za ka ɗauko tsohuwa, kada ka yarda da to ɗinta. Amma akwai wanda ya fi waɗannan. Na yi kwanaki ina ɓoye kaina, na rufe baki, na ƙi sanin kowa don kada a san ni, haka kowa a motar. Mun zama baƙin juna, har muna shirin jefar da mutum a daji saboda ba mu san ko shi wane ne ba. Bakin da ya tona ni shi ne ya tsaya ya tambayi mutumin ɗan wane gida ne.

Bayan Sallah na je an cire mini haƙorin, shi ya sa ma nake iya ba ku labarinsa. Da na nuna wa Inna gurbin, ta daɗe tana kallo, ta ce ni na sani, nata kam da shi za a rufe ta. Har zuwa yau da nake rubutun nan, mai tantabaru bai dawo gida ba. Keken yana sito a kan benci, na lulluɓe shi da leda saboda gishiri na cin ƙarfe, kuma duk Juma'a ina ɗiga masa mai. Wanda ya karanta ya sa su a addu'a.